Murfin da Ya Faɗi a Bakin Layin Dogo

Aikin Yaya a ƙungiyar wasan kwaikwayon ƙanenta ba mai yawa ba ne, amma in babu ita wasa ba ya tafiya. Ita ce mai tuni. Takan zauna a kan wata 'yar kujera a bayan labule, da takardar wasa a cinyarta, yatsanta yana bin rubutu layi-layi. Idan ɗan wasa ya manta maganarsa, sai ta raɗa masa kalmomin farko, ya kama ya ci gaba. Tana da ƙa'ida guda: ba ta yin raɗa sai ta ƙirga uku a zuci, domin wani shirun na wasa ne, wani kuma na mantuwa. Duk inda aka shirya a yi shiru da gangan, takan sa ɗan da'ira a gefen takarda don kada ta yi katsalandan.

Da safe a maɗaba'a take aiki, tana farautar kurakuran rubutu da jan biro. Kowa a ƙungiyar Yaya yake ce mata, har Birkila da ya girme ta, domin da sunan nan suka ji ƙanenta Auta yana kiranta.

Auta ne ya rubuta sabon wasan, shi ne kuma mai shirya shi. Ran da ya kawo mata rubutun bai ko zauna ba. Ya ajiye a kan teburinta ya ce, "Yaya, waƙafi da aya kawai za ki gyara mini." Ya fita kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Ba ta kai shafi na uku ba ta ajiye biro. Labarin Babansu ne.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Baba ne mai tsaron wurin da titi ya ƙetare layin dogo. In jirgi ya doso, sai ya sauke dogon ƙarfen da yake tare hanya, ya ɗaga jar tuta. Wata rana da tsakar rana jirgin kaya ya kwashi bayan wata babbar mota a wurin. Direban ya rayu, amma ya rasa ƙafa ɗaya. Shi ya ce ƙarfen a sama yake, Baba yana gyangyaɗi, sai da motar ta shiga aka sauke shi a bayanta. Baba ya ce tun da wuri ya sauke, direba ne ya kewaye ta gefe don gaggawa. Shaida ɗaya ce a wurin, wato Yaya, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta kawo wa Baba abincin rana. Ta tsaya gaban kwamitin bincike ta ce, "Na gani da idona. Ƙarfen yana ƙasa kafin motar ta iso."

Kwamiti ya ce shaidar 'ya a kan ubanta ba shaida ba ce, aka sallami Baba daga aiki. Amma a gida maganar nan ta zama ginshiƙi. Har ya bar duniya, duk wanda ya taɓo zancen, Baba yakan nuna ta da haɓa ya ce, "Ita ta gani."

Abin da Yaya ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tana dab da isa wurin murfin kwanon abincin ya zame ya faɗi, ya gangara gefen hanya. Ta sunkuya tana lalube a cikin yashi, sai ta ji ƙara. Da ta ɗago, ƙarfen yana ƙasa, motar tana kan dogo. Ba ta san wanda ya riga wani ba. A lokacin Auta yana goye a bayan Inna, bai san komai ba sai abin da aka ba shi labari.

Ta karanta wasan har ƙarshe tana neman inda ya ƙaryata ta. Babu. Ya ba direba bakinsa, ya ba Baba nasa, ya bar 'yan kallo su yanke. Maganar yarinyar tana nan a shafi na arba'in da biyu, kalma-kalma yadda ta faɗe ta. Ta gyara waƙafi da aya, ta mayar masa.

Suna gwaji a wani tsohon ɗakin taro mai fanka uku, biyu suna aiki. Birkila ne yake fitowa a Baba. Wani da ake ce wa Mai Kemis ne shugaban kwamiti, saboda yana da gilashin da yake zamowa kan hanci. Yarinyar kuwa aka ba wata malamar asibiti mai ƙaramin jiki, ta haura ashirin da biyar amma in ta ɗaure gashi gida biyu sai ka rantse 'yar firamare ce. Tsigi ake ce mata. Hadda gare ta kamar rediyo, har maganganun wasu takan riƙe.

A gwajin farko da aka ajiye takardu, Mai Kemis ya leƙo ta saman gilashi ya ce, "To, yarinya, me kika gani?"

Tsigi ta buɗe baki, ta tsaya.

Yaya ta duba gefen takarda. Babu da'ira. Ta ƙirga uku, ta raɗa, "Na gani da idona."

Tsigi ta kama ta wuce. Ba wanda ya damu. Washegari ma a nan ta tsaya. Jibi ma haka.

"Kai, Tsigi," in ji Birkila, yana fifita da hularsa, "ubanki na tsaye zai rasa aiki, ke kina lissafin taurari? Wannan 'ya ko a kasuwa na saye ki ai sai haka."

"Baba, ka fara koyon sauke ƙarfe tukuna," in ji Tsigi. "Jiya saura kaɗan ka fasa wa Mai Kemis kai."

"Ai da ya huta da gilashin nan."

Aka yi dariya. Yaya ma ta murmusa, amma idonta yana kan Auta. Yana zaune a layin kujeru na uku, hannu a haɓa. Auta mutum ne da in ɗan wasa ya manta kalma ɗaya sai ya sa a maimaita fitowa gaba ɗaya. Yau kwana uku Tsigi tana tuntuɓe a wuri guda, bai ce uffan ba. Kuma duk sa'ad da ta tsaya, ba ita yake kallo ba. Labulen da Yaya take bayansa yake kallo.

Ta ce wa kanta mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wataƙila yaron yana tunanin fitila ne ko wani abu. Amma ta soma ƙirga ranakun. A mako biyu, sau tara ta faɗi maganar nan da bakinta, ita da ta yi shekaru tana kauce mata.

Ta tare Tsigi a bakin famfo tana wanke hannu.

"Ƙanwata, me yake damun ki a shafin nan? Kalma huɗu ce fa."

"Wallahi Yaya ni ma abin yana ba ni haushi. Ina zuwa wurin sai kaina ya yi fayau."

"Auta bai ce ki dakata a wurin ba? In na wasa ne ki gaya mini in sa alama."

"Ni? A'a." Tsigi ta yarfe hannu, ta goge a siket. "Me ya sa zai ce haka?"

Ta amsa da sauri. Ko ta yi saurin da ya wuce kima? Yaya ta bi ta da kallo har ta shige. Mutumin da sana'arsa ta yamma ita ce ya sa a yarda da abin da ba haka ba, yaya za ka gane ranar da yake faɗin gaskiya?

Saura kwana biyar a buɗe wasa, Auta ya shigo da leda a hannu. Ya ce kwanon robar da Tsigi take riƙewa ba ya ƙara a kan dandali, ga na ƙarfe ya samo. Ya fito da shi. Farin kwano ne mai shuɗin baki, fentin ya ɓare a wurare. Murfin yana da lotsawa a gefe ɗaya.

Yaya ta gane shi nan take. Ta yi zaton kwanon nan ya ɓace tun tashinsu daga gidan ma'aikatan jirgi.

Bayan an tashi ta same shi a ɗan ɗakin ajiyar kaya yana naɗe waya.

"Ina ka samo kwanon nan?"

"Wajen Inna. Na ce mata ina neman tsohon kwano, ta buɗe akwati ta ba ni."

"Kai ka ce wannan kake so, ko ita ta zaɓa?"

"Yaya, kwano ne fa."

"Na san kwano ne. Ni na tambaye ka."

Ya ajiye wayar. "Ita ta zaɓa. Ta ce a cikinsa ake kai wa Baba abinci, zai fi dacewa."

"Ba ta ce komai ba bayan wannan?"

"Me za ta ce?"

Suka tsaya suna kallon juna. Ita ta yi masa wanka yana yaro, ta san fuskarsa in ya saci sukari. Amma fuskar nan ta yi gemu yanzu, kuma ta yi shekara goma tana koya wa mutane yadda ake ɓoye abu a ido.

"Me ya sa ba ka yi wa Tsigi faɗa?"

"In na matsa mata za ta ƙara rikicewa. Ai kina nan, Yaya. Ke ba kya mantawa."

Ya faɗa da murmushi. Ta tafi gida tana juya maganar kamar mai duba tufa a rana. Yabo ne, ko gugar zana? A bakin titi ta tsaya jiran mota, har biyu suka wuce ba ta tsayar ba. In Auta ya sani, wa ya gaya masa? In Inna ce, tun yaushe ta sani? In kuwa babu wanda ya san komai, to ita kaɗai take gudu ba mai kora.

Ta yi niyyar zuwa wajen Inna ta tambaya, ta fasa. Wace tambaya za ta yi wadda ba ita ce amsar ba?

Ranar buɗe wasa, ƙarfe huɗu na yamma, ɗakin ya cika har ana tsaye a baya. An gyara fanka ta uku. Ta tsagar labule Yaya ta hango Inna a layin gaba, da sandarta a jingine da gwiwa, hannuwa a kan cinya. Auta yana tsaye can ƙarshen ɗaki kusa da ƙofa.

Wasa ya tafi lafiya. Da mai fitowa a direba ya shigo da sanduna biyu yana ba da nasa labarin, ɗakin ya yi tsit, wata mata ta ce, "Allah sarki." Da Birkila ya rantse cewa ya sauke ƙarfe, matar nan dai ta sake cewa, "Allah sarki." Yaya tana bin layi da yatsa. Shafi na arba'in. Arba'in da ɗaya. Ta juya.

Tsigi ta fito tsakiyar dandali rungume da kwano. Mai Kemis ya leƙo ta saman gilashi.

"To, yarinya, me kika gani?"

Tsigi ta buɗe baki, ta tsaya.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Yaya ta ja numfashi, maganar ta ƙi fita. A gwaji ta faɗe ta ga kujeru marasa kowa. Yau Inna tana zaune taku biyar daga wurin, kuma ga lotsattsen murfin nan yana ɗaukar hasken fitila. Huɗu. Biyar. Wani ya yi tari a baya. Tsigi ta ɗan karkato kai wajen labule, idonta ya yi zuru-zuru. In wasa take yi, to ba ta taɓa yin mai kyau irin wannan ba. Bakwai. Takwas. Birkila ya soma muzurai.

Mai tuni ba ya barin ɗan wasa a rataye. Wannan ma ƙa'ida ce. Yaya ta matso da bakinta jikin labule ta raɗa abin da ya zo mata.

"Murfin kwano ne ya faɗi. Na sunkuya."

Tsigi ta kama kamar mai nutso ya samu igiya. "Murfin kwano ne ya faɗi," ta ce da ƙarfi, "na sunkuya." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta sake waiwayowa.

Mai Kemis ya cire gilashi ya mayar. Wannan ba ya cikin takardarsa. Ya yi ta maza ya ce, "Kin sunkuya. Sannan fa?"

"Da na ɗago," Yaya ta raɗa, Tsigi tana biye da ita, "ƙarfen yana ƙasa, motar tana kan dogo. Ban san wanda ya riga wani ba."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Saura maganar Birkila. Shi mutum ne da ya haddace nasa kawai, ba ya iya ƙirƙira ko da za a yanka shi. Ya juya ga kwamiti, ya nuna yarinyar da haɓa yadda aka koya masa, ya faɗi abin da yake rubuce.

"Ita ta gani."

Da ƙarfin gwiwa ya saba faɗinta. Yau muryarsa ta karye a tsakiya, saboda ruɗewa. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin. Yaya ta sa bayan hannu ta share ido don ta ga layi na gaba, ta ci gaba da aikinta har aka ja labule.

An yi tafi sosai. 'Yan kallo suka fita suna gardama tun daga bakin ƙofa, wasu suna bayan direba, wasu suna bayan mai gadi. Birkila ya shigo bayan labule yana zuba gumi.

"Wa ya canza magana ba a gaya mini ba? Saura kaɗan in haɗiye harshena! Tsigi, ke da Auta kuka ƙulla wannan ko?"

"Ni abin da aka raɗa mini na faɗa," in ji Tsigi, ba ta kalli kowa ba.

Yaya ba ta tashi daga kujerarta ba. Ta ji ƙwanƙwasar sanda a kan katako, sannu a hankali. Auta ne ya riƙo Inna ya hawo da ita. Sauran suka gaishe ta suka zame ɗaya bayan ɗaya. Inna ta zauna a kan akwatin kaya, ta miƙa hannu aka ba ta kwanon. Ta shafa lotsawar da babban yatsa.

"Ranar nan," in ji Inna, "kin shigo gida da kwano a hannu ɗaya, murfi a ɗaya hannun. Ni na wanke shi. Yashi ne cike a bakinsa, gwiwoyinki ma duk yashi."

"Inna, kin sani ke nan."

"Na san kin sunkuya. Ban san yaushe ba."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Ke 'yar goma sha biyu, ubanki ya jingina da ke kamar bango. In na tambaya in rushe wa?" Ta ajiye murfin a cinya. "Shi dai na tambaye shi, sau biyu. Da abin ya faru ya ce ya sauke. Bayan shekara goma, yana kwance ba lafiya, na sake tambaya. Ya ce yana jin dai ya sauke."

Auta ya tsuguna a gabansu, yana wasa da igiyar labule.

Yaya ta dube shi. "Kai ka sa Tsigi ta riƙa tsayawa?"

"Wallahi Yaya ban sa ta ba."

"Inna, ke kika gaya masa zancen murfi?"

"Ni kwano aka tambaye ni, na ba da kwano."

Ta kalli wannan, ta kalli wancan. Dukansu sun amsa abin da aka tambaye su, ba ƙari. Ta ga alamar irin amsar, don ita ma ta yi shekara talatin da ɗaya tana ba da irinta.

"Gobe akwai wasa," in ji Auta a hankali. "Wanne za a faɗa? In kin ce a koma na takarda, a koma."

Yaya ta buɗe jaka ta ciro jan biro. Ta buɗe shafi na arba'in da biyu, ta ja layi ɗaya miƙaƙƙe a kan tsohuwar maganar, yadda take yi a maɗaba'a, ta yadda za a iya karanta abin da aka soke. Ta rubuta sabuwar a sama da kyakkyawan hannu. Kafin maganar Birkila ta sa ɗan da'ira. Ta miƙa wa Auta.

"Ka kai wa Tsigi ta haddace. Ta fi tsohuwar tsawo, ka ce ta dage."

Inna ta rufe kwanon da murfinsa. Bai zauna daidai ba, bai taɓa zama ba tun ranar. Ta ce a bar shi a nan tunda ana aiki da shi, ta miƙa wa Yaya hannu ta tashe ta.

Washegari Yaya ta zauna a kujerarta, yatsa a kan takarda. Mai Kemis ya leƙo ta saman gilashi ya yi tambayarsa. Yaya ta soma ƙirga, amma ba ta kai biyu ba. Tsigi ta faɗi maganar tun daga murfi har ƙarshe, sumul, ba ta yi tuntuɓe a kalma ko ɗaya ba. Haka jibi, haka gata, har aka gama makon.

Yaya ta leƙa ta tsagar labule. Auta yana tsaye a wurinsa kusa da ƙofa, hannu a haɓa, yana kallon dandali. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya shafi.